Faifan da Ya Haɗiye Muryarsa

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Babu komai a ciki.

Na jona faifan ajiyarsa da kwamfutata, wannan ɗan baƙin abin da bai fi sabulun wanka girma ba. Fitilarsa ta kawo shuɗi kamar kullum. Na buɗe foldar da ya sa wa suna SHIRINA, da manyan baƙaƙe don kada wani ya yi kuskure, sai na tarar da farin allo. Na cire kebul ɗin, na hura bakinsa kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba, na mayar. Farin allo.

Shekara goma sha huɗu maigidana yana karanta wasiƙun masu sauraro a rediyo duk Laraba, yana ba su amsa. Gidan rediyon ba ya ajiye shiri fiye da wata uku. Shi ya riƙa tara nasa ɗaya bayan ɗaya, ɗari shida da tamanin da biyu. Na san adadin domin ya sha faɗa mini, musamman in muna faɗa.

Ranar Juma'a likitar magana, wadda ke dubansa tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa harshe, ta ce in kawo mata muryarsa ta da. Ta ce kunne ya san hanya, wataƙila in ya ji, harshe ya biyo. Ta ce waɗannan makonnin na farko su ne cin kasuwar, kada a bari ta watse. Na ce mata, "Murya? Ai buhu-buhu gare mu." Har da dariyata.

Zan sake gwadawa in na ba shi shayi.

Litinin, ƙarfe 9 na safe

Na sake gwadawa.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 1 na rana, wurin aiki

Na zo da faifan maɗaba'a a cikin jakata, naɗe da mayafi kamar jariri. Mai tsara mana shafuka, wadda ta fi kowa a nan sanin kan na'ura, ta jona shi a tata kwamfutar.

"Anti, ƙila ɓuya suka yi. Bairos, cutar kwamfuta, yakan yi haka."

Ta danna inda ake fito da ɓoyayyun fayiloli. Ba abin da ya fito sai wasu tarkace masu sunaye kamar tarin mura. Ta leƙa kwandon shara. Ta sa a nemo duk abin da yake sauti ne. Na'urar ta yi tunani na minti shida, ta dawo hannu rabbana.

Sauran kayan suna nan. Hotunan bikin Auta suna nan. Takardun gida suna nan. Kayan da na zuba makon jiya suna nan. Abu ɗaya da nake so shi ne babu.

"Amma fa Anti, faifan nan yana da fili," in ji ta. "Kamar sabo."

Na ce ta cire mini abina.

Na koma teburina. Shekara ashirin da biyu ina gyaran rubutun mutane a wannan teburin, kusa da tagar da ba ta rufuwa, ƙarar injin bugawa na shigowa ta ƙarƙashin ƙafata. Yau littafin wani mai digiri uku ne, a kan yadda ake samun nasara a rayuwa. Bai san inda ake sa aya ba. Jimla ɗaya ta yi shafi da rabi tana yawo kamar akuyar da ta tsinke. Na yi masa ja-ja-wur har biron ya huda takarda.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Lokacin shirinsa. Ina kicin na jiyo kiɗan buɗewa daga falo, inda muka sauko da gadonsa saboda matakala. Yayarsa, wadda ta zo taya ni jinya ta kuma kama mulkin gidan, ita ta kunna. Sai ga muryar wanda suka ba wurin, wani mai jan kalmomi kamar yana tallan man shafawa.

Na fito da cokali a hannu na kashe.

"Ke kuma fa? Ai gara ya ji, ya san duniya tana tafiya."

"Ya sani, Yaya. Ba sai an kawo masa ita har gado ba."

"Ke dai kullum kina rungume da wannan akwatin. Mutum yana kwance, kina shafa ƙarfe."

"Muryarsa nake nema."

"Muryarsa tana maƙogwaronsa. Addu'a za ta fito da ita."

"In ta fito ki aiko a gaya mini, sai in huta."

Ta ja tsaki. Shi kuma ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "To."

Kalmar nan kaɗai ta rage masa. Mutumin da in ya fara bayani sai miya ta ƙone. Ruwa, to. Ciwo, to. Ka gane ni, to. Jiya na tambaye shi sunana, ya ce to, sannan ya rufe ido da hannun da ke ɗaguwa.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Auta ta kira tun kafin ta fita aiki. Nisa ya sa ta zama mai hikima.

"Umma, wai ba ku da wani kwafin? Ai ba a ajiye abu a wuri ɗaya. Rigakafi ya fi…"

"In kika ƙarasa karin maganar nan zan kashe wayar."

Uban nata ba wawa ba ne. Wuri biyu ya ajiye, ɗaya a kwamfutar sitidiyo, ɗaya a faifan. Yakan ce ko gobara ba ta cin gida biyu rana ɗaya. Na gaya mata haka. Ta ce to ai shi ke nan, a je gidan rediyon a kwaso. Na ce zan je.

"Umma, wa ya taɓa faifan daga ƙarshe?"

Na ce ba na jin ta sosai.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Ban je ba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Shagon mai gyara yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai ɗinkin labule da mai yanka makulli. Gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi, warin dalma, fanka mai fiffike biyu. Shi kansa dattijo ne, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Tabarau zan riƙa kiransa.

Ya jona faifan, ya kara shi a kunne, ya saurara kamar likita.

"Ya faɗi?"

"A'a."

"Ya sha ruwa?"

"A'a."

"Yana wani ƙas-ƙas?"

"Malam, ni ce nake ƙas-ƙas. Shi lafiya lau yake."

"Haka na gani, Hajiya. Wannan ba ciwo ba ne. Umarni aka ba shi, ya bi. Ina aka jona shi na ƙarshe kafin ki ga haka?"

Na ce a gida.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambayi aikina. Na faɗa. Ya ce to bari ya yi mini da yarena. Gogewa, in ji shi, kamar a yage shafin ƙunshiya ne a gaban littafi. Babi-babi suna nan, sai dai ba wanda ya san shafin da suke. Yana da abin da zai bi shafi-shafi ya tsinto su. Na ji numfashina ya dawo.

"In dai ba a zuba wani sabon abu a kai ba. Sabo ba ya neman farar takarda. A kan tsofaffin shafukan yake rubutu. Kin zuba wani abu?"

"Kaɗan."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Kaɗan ɗin Hajiya nawa ne?"

Asibiti sun ba mu hotunan kansa da na jijiyoyin wuya a faya-fayai har huɗu, na kwafe su cikin faifansa don kada su karce. Kwamfutata ta cika, na juye aikin shekara uku a ciki. Yaya ta ce zaman jinya yana sa ta gyangyaɗi, na zuba mata finafinai, masu dogon zango, wajen kashi tamanin. Na ga fili, na yi murna. Ban tambayi kaina inda filin ya fito ba.

Ya mayar da tabarau a fuska. Da ya zage ni da na ji daɗi. Ya manna wa faifan takarda, ya rubuta KADA A TAƁA, ya ce in ba shi mako ɗaya.

A hanyar dawowa na tsine wa wanda ya ƙirƙiri fim mai kashi tamanin, da masu kallonsa, da zuriyarsu.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Hoton ƙwaƙwalwarsa yana kwance a kan muryarsa.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Na je gidan rediyon. Na sa takalmin da ke ƙara a kan siminti, da gangan.

Shugaban sashen shirye-shirye mutum ne mai murmushin da ba ya sauka, ko gaisuwar mutuwa ya je da shi zai shiga. Ya miƙe, ya ba ni kujera, ya tambayi jikin "babanmu". Na ce na zo kwasar shirye-shiryen babansu da ke kwamfutar sitidiyo.

Murmushin ya ɗan karkace. Ya ce ai an yi wa kwamfutar wanka. Sabon mai gabatarwa yana bukatar wuri, na'urar ta yi nauyi, aka share foldojin da ba a amfani da su.

"Yaushe?"

"Kamar kwana goma bayan… bayan abin."

"Kwana goma. Mutum bai mutu ba kun raba gado."

"Haba Hajiya, ai mun san yana da nasa a faifai. Kowa ya sani, kullum yana faɗa."

Na gaya masa abin da nake tunani a kansa, da sashensa, da gidan da ke watsa maganar mutane ga iska shekara da shekaru bai iya ajiye ko tari ba. Na gaya masa akwai garuruwan da aka ƙone ɗakunan karatunsu da yaƙi, su aƙalla abokan gaba ne suka yi musu. Na yi magana mai kyau, babu kuskuren nahawu ko ɗaya. Sakatariya ta daina buga abin da take bugawa.

Da zan fita, injiniyansu ya biyo ni baranda. Siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, shi yake riƙe wa maigidana makirfo tun farkon shirin.

"Hajiya, ranar nan da kika zo kwasar kayansa, na bar ki a sitidiyo da faifan. Kin samu kin…"

Na ce ba wannan ya kawo ni ba.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Na wanke labulen falo. Na wanke na ɗaki. Na goge bayan firji. Yaya ta ce ko baƙi za mu yi.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Ranar likitar magana. Yarinya ce a idona, amma ta san aikinta, kuma ba ta yi masa magana kamar ga jariri, shi ya sa nake ƙyale ta.

"Mama, ina buhunan?"

Na ce suna wurin gyara.

Na kwana biyu ina tone wayata ko zan sami saƙon murya daga gare shi. Mutumin nan bai yarda da saƙon murya ba. Yakan ce murya sana'a ce, ba ya rabar da ita kyauta. Sai rubutu, babu aya babu waƙafi, don ya san yana ci mini rai. A shekara tara na sami ɗaya tak, daƙiƙa uku, ranar da ya manta makulli.

Likitar ta kunna. "Ina ƙofa, zo ki buɗe."

Ya juya ya kalli ƙofar ɗakin. Ya daɗe yana kallo, yana jiran mutumin ya shigo.

Likitar ta ce wannan ya yi gajere, tana son doguwar magana, irin wadda bakinsa ya saba da ita, mai hawa da sauka. Ta ce kada in damu. Duk wanda ya sake ce mini kada in damu, zan cije shi.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Tabarau ya kira, ya ce in zo. Ba a gama tsintar ba, na'urarsa tana kan bi, amma ya ga wani abu.

Ya ja mini kujera mai ƙafa uku da bulo. Ya ce a cikin faifan akwai wata 'yar manhaja da maigidan ya sa. Aikinta ɗaya ne, duk lokacin da aka jona faifan da kwamfutar sitidiyo, sai ta mayar da foldar faifan daidai da ta kwamfutar, kamar madubi. In an ƙara a can, ta ƙara a nan. In an rage a can, ta rage a nan.

"In kuma can ɗin babu komai?" na ce, ko da yake na sani.

"Madubi ba ya gardama, Hajiya. Amma tana tambaya tukuna. Kuma tana rubuta duk abin da ta yi."

Ya juyo mini allon. Alhamis, 24 ga watan jiya, ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida na safe. Za a goge fayil 682 daga faifan don ya yi daidai. A ci gaba? An amsa: E. Tsakanin tambaya da amsa, daƙiƙa biyu.

Bai ce ai kin ce a gida ba. Ya tashi ya shiga gyara fankarsa da ba ta gyaruwa.

To bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Na je kwaso kofinsa da rigar sanyinsa da tabarmar sallarsa. Na tuna shirye-shirye uku na ƙarshe bai kai ga kwafe su ba. Na ce bari in yi masa, in ya tashi ya tarar da kayansa cif, ɗari shida da tamanin da biyar, ya rasa abin da zai yi mita a kai. Na sha zama a wannan sitidiyon ina jiransa mu tafi gida. Na ga yadda yake yi sau ɗari. Ya jona, wani ɗan akwati ya fito a allo, ya danna na hagu, ya ɗauki hularsa. Ban taɓa ganin ya karanta ba, don shi ya san abin da ke ciki. Na jona. Akwatin ya fito. Na danna na hagu. Har na ji daɗin yadda ya gama da sauri.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Ban karanta ba.

Ni da nake karanta takardar cikin kwalin magani gaba da baya. Ni da na taɓa mayar wa makarantar Auta wasiƙarsu da gyara goma sha ɗaya. Ni da ya sa wa suna Jan Biro tun kafin a ɗaura mana aure, saboda na mayar masa da wasiƙarsa ta farko da ja a jiki. Na karanta littattafan da in aka jera su sun fi gidan nan tsawo, mafi yawansu ba su cancanci idona ba.

Layi biyu ne. Ban karanta ba.

Asabar, ƙarfe 4 na yamma

Laifi tudu ne. Na hau na shugaban sashe na yi rawa a kai, da takalmi mai ƙara.

Duk da haka kwana goma rashin mutunci ne. Ban janye ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 1 na rana, wurin aiki

Mai maɗaba'a ya kawo wani baƙo teburina, ya ce, "Wannan ita ce idonmu. Ko ƙuda ya sauka a shafi sai ta tambaye shi takardarsa." Na yi murmushi irin na shugaban sashe.

Auta ta kira. Ta rubuta dogon bayani a kan gidan rediyon, za ta watsa kowa ya gani, yadda suka goge aikin ubanta. Ta karanta mini. Rubutun yana da kyau, 'yata ce. Na ce ta bari. Ta ce me ya sa. Na ce na ce ta bari.



"Umma, akwai abin da ban sani ba?"

"Akwai waƙafi biyu da kika sa ba a wurinsu ba."

Yaya kuwa na gaya mata bairos ne. Ta ce dama ita ba ta yarda da abin da ba shi da jini amma yana kamuwa da cuta ba.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Na karɓo. Tabarau ya zuba abin da ya tsinto a wani faifan dabam. Fayil dubu uku da wani abu, babu mai suna, sai lambobi. Ya ce sunayen sun tafi tare da shafin ƙunshiya, sai dai in bi da kunne.

"Kada ki sa rai da yawa, Hajiya. Finafinan nan sun yi kwance-kwance."

Da zan fita ya ce, "Ni ma na taɓa yi. Hotunan mahaifiyata." Ban juyo ba. Ba ƙungiya na zo shiga ba.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Likitar magana ta yi mini faɗa yau, a gabansa. Ta nuna masa hoton kofi, ya buɗe baki, ya daɗe, na ce kofi. Ta nuna masa agogo, na ce agogo.

"Mama, ke na san kin iya. In kina ƙarasa masa, me zai sa ya wahala? Ki bar shi ya sha wuya. Ko minti biyar ne, ki yi shiru."

Na ce shekara ashirin da takwas ban yi masa shiru na minti biyar ba. Ba ta yi dariya ba. Shi ya yi, da rabin bakin.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na ɗauki hutu. Teburin kicin, abin ji a kunne, takarda da biro. Lamba ɗaya bayan ɗaya.

Shuuu. Shuuu. Daƙiƙa biyu na kiɗan buɗewa. Shuuu. "…masu sauraro, bar…" Shuuu. Wata mata a fim tana kuka an ci amanarta. Rabin dariyarsa. Na sake kunna rabin dariyar sau goma sha wani abu.

Na kai na dubu ɗaya da ɗari biyu. Kunnena yana ƙara.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Na gama. Ashirin da tara ne ke da magana da za a iya bi. Mafi yawa ba su kai minti ɗaya ba. Cikin ɗari shida da tamanin da biyu, babu shiri ko ɗaya da ya fito cikakke.

Mafi tsawo minti goma sha ɗaya ne. Wasiƙar wani mutum da aka sallama daga aiki wata huɗu, bai gaya wa matarsa ba. Kullum sai ya sa kayan aiki ya fita, ya je ya zauna a tashar mota har yamma. Maigidan ya karanta ta a hankali, da wannan tsayawar da yake yi kafin kalma mai nauyi. Ya ɗan zolayi mutumin, ya ce aƙalla ya san lokacin tashin kowace mota. Sannan ya gyara murya. "To malam, abin da zan ce maka shi ne…" Shuuu.

Da a littafin wani na ga wannan, da na ja layi na rubuta a gefe: ya yi yawa, a cire.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Yaya ta fita kasuwa. Na ja kujera gaban gadon.

Na gaya masa duka, a jere, da kwanan wata da lokaci. Kofin, rigar sanyin, shirye-shirye ukun, akwatin, na hagu. Finafinan. Ashirin da tara. Ban yi kuka ba, ban ce tsautsayi ba ne. Na ce, "Ni ce. Ban karanta ba."

Na jira. Shekara ashirin da takwas muna faɗa a kan inda ake ajiye almakashi. Yau na kawo masa babban laifi, nannaɗe, har gado, irin wanda zai ci shekara yana ja mini. Na ga maganar ta taso masa. Na gan ta a wuyansa, a goshinsa, jimla guda cikakkiya da ya san farkonta da ƙarshenta. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya.

Ko "to" bai ce ba. Ya kama ƙarfen gadon da hannun hagu, ya ja jikinsa da kyar, ya juya wa bango fuska. Ya ɗauki lokaci kafin ya iya. Ban taimaka masa ba, don na san ba ya so.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Bai karɓi shayi daga hannuna ba. Ya karɓa a hannun Yaya.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Haka.

"Me kika yi masa?" in ji Yaya.

Na gaya mata. Can ta ce, "Finafinan nawa ne suka…" Na ce ba ita ta zuba ba. Ta shiga kicin ta daɗe tana wanke tukunyar da na riga na wanke.

Na kira Auta ma. Ta ce, "Haba Umma," sau ɗaya, a hankali. Gara ta watsa ni a duniya.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Ina ninke kaya a falo, bayana gare shi, na ji ana buga ƙarfen gado. Na juyo. Yana nuna kwamfutata da ke kan tebur.

Yaya ta taso za ta ɗauko. Ya girgiza kai, ya sake bugawa.

Na kawo ta na ɗora a kan kujera kusa da kunnensa. Na kunna mai minti goma sha ɗayan. Muryar ta cika falon, har gilashin kabad yana amsawa, na manta tana yin haka. Yaya ta toshe baki da mayafi ta fita. Shi idonsa a rufi. Wajen tashar mota leɓensa ya fara motsi, yana bin maganar a baya kaɗan, kamar mai bin liman.

"To malam, abin da zan ce maka shi ne…" Shuuu.

Bakinsa ya tsaya a buɗe.

Na san abin da ke biye. Na ji shirin ranar da aka sa shi, shekara shida da suka wuce, ina yankan albasa, har na yi masa gardama a kan amsar da ya dawo. Kalmar tana kan harshena, da wadda ke bin ta, har zuwa aya. Na cusa hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu.

Na duba agogon bango. Minti huɗu. Jijiyar wuyansa ta tashi, zufa ta jiƙa matashin. Wani sauti ya fito, ba kalma ba, wani abu tsakanin harafi da tari. Ya bugi katifa. Ya nuna kwamfutar.

Na mayar farko. Sau bakwai yau, minti goma sha ɗaya-ɗaya, don in na tsallake zuwa ƙarshen sai ya bugi ƙarfe. A na bakwai ma sautin nan ne, bai ƙaru ba.

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Amma in muryar ta yanke, ni yake nuna wa kwamfutar.